Ɗakin da Sauro Ba Ya Shiga

Aikina karanta labarai ne a wani ƙaramin gidan rediyo a Gaya ta Nijar. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗaukar takardar da aka rubuto da Faransanci in mayar da ita Hausa kafin jar fitila ta kama, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Haka zan ba da labarin jinyar mahaifiyata. Abin da na gani da idona zan ce na gani, inda nake zato zan ce zato ne. Na rubuta shi ne don na san akwai ɗakuna irin nata da yawa a garin nan da ƙauyukanmu, kuma yanzu haka akwai masu kwance a cikinsu.

Inna Hajo 'yar kasuwa ce. Wake take saye da kaka, ta ajiye, ta sayar wa masu zuwa daga ƙetaren kogi idan ya yi daraja. Mace ce mai murya. In tana ciniki da ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, a ƙofar gida, har gida na uku ana jin yadda suka ƙare. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana. "'Yar rediyo" take ce mini, ko kuma "ke". Ba ta taɓa cewa ta ji ni a rediyo ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ina shiga ɗakinta in gaishe ta, in zauna a bakin gado, amma akwai wani labule mai ruwan ƙasa da ya raba ɗakin biyu, kuma tun ina yarinya ban taɓa ɗaga shi ba. Ba wanda ya hana ni. Ba a yi ne kawai.

A shekarar da abin ya faru ciniki ya tsaya a kan iyaka, masu saye ba su zo ba, shagon da take ajiya a kasuwa ya cika. Sai ƙanenta, Kawu Idi, wanda ke noma a Yelu kuma shi ke tara mata waken, ya fara kawo buhunan gida. Juma'a ɗaya ya zo, ta gaba ya huta. Shi da kansa yake shigar da su bayan labulen nan, don a wurinmu ba a barin hatsi inda idon baƙo zai ƙirga shi. Na ga ana shiga da su. Ban sa abin a raina ba.

A farkon watan Disamba, ranar Lahadi, Inna ta tashi da ciwon kai da jiri, ta yi amai sau biyu. Kowa ya ce palu ne, zazzaɓin sauro, don a Gaya in ka ce kanka na ciwo ba wanda ke jiran ka ƙarasa. Litinin na kai ta gidan likita. Mun karɓi lamba da ƙarfe bakwai na safe, ba mu ga majo ba, wato babban ma'aikacin jinya, sai bayan azahar. Aka huda mata yatsa, aka ce babu palu. Majo ya ce duk da haka jikinta ya bushe, ya sa aka yi mata ƙarin ruwa. Kwana biyu ta yi a can. A rana ta biyu na same ta zaune tana gardama da matar gadon kusa a kan yadda ake soya kifi.

Na gode wa majo, kuma har yau ina gode masa. Ya yi abin da ke gabansa, ga layi har bakin titi yana jiran sa. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, kuma ba wanda ya tambaye shi a layukan da muka bi daga baya: a ina take kwana?

Mako na biyu ta warware, har ta je kasuwa sau biyu. Ni dai na buɗe kaye, wato littafin rubutu, na fara rubuta ranaku da abin da ta ci da maganin da ta sha. Sabo ne na aiki. A gidan rediyo komai sai an rubuta lokacinsa.

Mako na uku, ranar Lahadi, abin ya dawo. Babu zafin jiki. Ta ce ƙirjinta kamar an ɗaure shi da igiya. Amma ba wannan ya tsorata ni ba. Sai ta zauna a bakin gado, hannaye a kan gwiwa, ido buɗe, ta yi awa guda ba ta motsa ba.

"Inna, me za a dafa miki?"

"Duk ɗaya."

A rayuwata ban taɓa jin "duk ɗaya" a bakin Inna Hajo ba. Da la'asar na fito da ita tsakar gida. Akuyar maƙwabta ta shigo, ta nufi kuɓewar da Inna ta shanya, ta ci son ranta. Inna na kallon ta har ta gama ta fita.

Ranar Talata Gwaggo Mariya, ƙanwar marigayi babana, ta iso daga Karakara da ƙullin kayanta da wata ƙullin tafarnuwa. In akwai wadda ta fi Inna murya a danginmu, to ita ce. Tun daga zaure ta fara.

"Ke ɗiyar nan, haka ake jinya a lekol ɗinku? Taga buɗe, ƙohwa buɗe, sanyin kogi na shiga yana hita kamar gidan ubanshi?"

"Gwaggo, majo ya ce ta riƙa shan iska."

"Majo! Shi ya haihe ta? Kauce ki ba ni wuri."

Ta rufe taga, ta cusa tsumma a duk wata kafa, ta rataya bargo a kan ƙofa. Ta daka tafarnuwa da man kaɗe ta shafe wa Inna ƙirji. Sannan ta shimfiɗa tabarmarta a ƙasa, daidai gindin labulen.

"Ni nan zan kwanta," in ji ta. "In wani abu ke zuwa, ya hwara taka ni."

Na san shiru. Ɗakin da nake karanta labarai an manna masa soso a bango don kada ƙarar waje ta shiga, kuma in ka rufe ƙofarsa kana jin motsin jininka a kunne. Irin wannan shirun na fara ji a ɗakin Inna da rana tsaka, alhali babu soso a bangonta. Ɓerayen da suka saba gudu a saman rufi sun daina. Kyanwar gidan, wadda ta girma a ƙarƙashin gadon nan, takan zo bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta juya. Wata safiya ina shara na tarar da tsaka uku a ƙasa, kwance a bayansu, babu rauni a jikinsu. Ɗakin yana warin tafarnuwa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ɗan wari kamar na kifin da ya kwana. Tafarnuwar na ce ta Gwaggo ce. Warin kifi kuwa, a Gaya ba a tambayar daga ina ya fito.

"Kin gani ko?" Gwaggo ta ce, tana alfahari. "Tun da na zo ko sauro guda bai shigo ba. Wa ya taɓa jin ɗaki a garin ga babu sauro?"

Sai ta miƙo mini hannunta. Awarwaron azurfar da take sawa tun aurenta ya yi baƙi ƙirin, kamar an riƙe shi a kan fitila. Ta rage murya, abin da ban san ta iya ba.

"Ɗakin ga na da mai shi. Kada ki hwaɗa ma uwarki."

Mako na huɗu muka koma gidan likita. Wannan karon aka yi zaton tifoyid, aka ɗebi jini, aka aike mu mu jira, muka jira, sakamako ya fito bai nuna komai ba. Kwana uku aka riƙe ta. Ta sake warwarewa. Gwaggo ma, da ta kwana uku a barandar likita, ta dawo da muryarta har ma'aikata na roƙon ta ta sassauta.

A nan dangi suka kasu. Wasu suka ce a wuce da ita Doso. Wasu suka ce wata abokiyar kasuwarta ce ta yi mata asiri, har suna faɗin suna. Aka kawo sassaƙe, aka kawo turare. Ni da kaina na je wurin malamin unguwarmu na karɓo rubutu, kuma ba zan yi masa ba'a a nan ba, don a duk waɗanda muka bi har lokacin shi ne ya fi kusa da gaskiya. Ya saurari labarin, ya ce: "Mutum ya warke a waje, ya faɗi a ɗaki. A sauya mata wurin kwana."

Na kai wa Inna saƙon. Ta ce, "In bar kayana da wa?"

Wata 'yar da ba ta fari ba da ta yi mata magiya, ko ta yi kuka, ko ta ɗauke katifar da ƙarfi. Ni na sunkuyar da kai na fita. Wannan laifina ne, kuma na rubuta shi don kada a ɗora wa wani.

Mako na biyar, ranar Lahadi, ta sake faɗuwa, kuma wannan ya fi na baya. Numfashinta ya gajarta, tana tari mai nauyi. Wata maƙwabciyarmu ta ba mu labarin wani likita a Kamba, a ɓangaren Najeriya, wanda ba ya gaggawa da mutum. Muka ɗauki mota, muka wuce shingaye, kowane shinge a leƙo a ga tsohuwa jingine da ido buɗe, a ce "Allah ya ba ta lafiya," a ɗaga sanda.

Likitan dattijo ne, siriri, da tabarau a kan hanci. Ya auna ta, ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya sa aka ɗauki hoton ƙirjin. Sannan ya ja kujerarsa kusa da ita.

"Hajiya, me kike so yanzu? Kome ne, a duk duniyar nan."

Inna ta dube shi kamar yana can nesa. "Ba komi."

Ya juya ya yi rubutu. Da Ingilishi suke rubutu a can. Faransanci na karanta a lekol, wato makarantar boko, Ingilishina bai wuce na kanun labarai ba, amma na iya karanta takarda a juye daga ɗaya gefen tebur. Akwai wata doguwar kalma da ya ja wa layi a ƙasa.

"Likita, wannan kalmar fa?"

"Listlessness," ya ce, ya sake faɗin ta a hankali don in kama.

"Gajiya ke nan?"

"A'a. Mai gajiya yana son kwanciya, kuma in ya kwanta yana jin daɗinta."

"To kasala."

Ya yi murmushi. "Mai kasala yana son abu, tashin ne ba ya so. Ki kai masa tuwo har gado ki gani, zai ci ya nemi ƙari. Wannan daban ce. Ƙarfi ya tafi, son abu ma ya bi shi. Ga abinci, ga ruwa, ga 'yarta, duk ɗaya ne da bango."

"Ita ce cutar?"

"Alama ce kawai. Ban san abin da ke kawo ta ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Huhunta yana nuna kamar wani abu na damun sa, amma ba irin ciwon da na saba gani ba ne." Ya rubuta mini lambarsa a bayan takardar. "In kin ga wani abu, ko ƙarami ne, ki kira ni."

Kwana biyu muka yi a Kamba. A hanyar dawowa Inna ta ce wa direba tuƙinsa kamar na mai gudun bashi ne, duk motar aka yi dariya, ni kuma ban yi ba, don na san inda muke mayar da ita kuma ban san me ya sa nake tsoron wurin ba.

Kalmar ta zauna mini a kai. Na rubuta ta a kaye. Na duba ƙamus a wurin aiki, ya ba ni kalmomin Faransanci biyu, babu wadda ta kai bayanin likitan. Sai na shiga gwada ta a kan mutane, yadda nake gwada sabuwar kalma kafin in faɗe ta a iska. Masu dako da ke kwance a inuwar kamiyo, babbar motar kaya, da rana, hula a kan fuska: gajiya. Musa, mai kula da na'urorinmu, da ke aiken kowa ya miƙo masa abin da ke kusa da hannunsa: kasala. Na zagaya Gaya mako guda ban ga wanda kalmar ta hau ba. Inna kaɗai ta hau, kuma a wannan makon, na shida, ita ma tana ɗan cin abinci, tana ɗan faɗa.

Ƙarshen mako na shida, ranar Juma'a, Kawu Idi ya kawo buhunan ƙarshe. Ya daɗe a bayan labule fiye da yadda ya saba. Da ya fito ya wanke hannunsa da sabulu har sau biyu, ya ce zai kwana biyu a zaure ya ga jikin yayarsa.

Asabar ba na aiki, sai na wuni a ɗakin don Gwaggo ta huta. Hutun nata a kan tabarmar nan ta yi shi, fuskarta na kallon labule.

"Gwaggo, yau babu faɗa?"

"Mi za a yi da shi," ta ce, ba ta juyo ba.

Na yi dariya. Ina tuna cewa na yi dariya. Da na fito da la'asar, kaina na sarawa, na ga farar kazar Inna zaune a bakin ƙofar ɗakin, inda iska ke fitowa ta ƙarƙashin bargo. Na watsa mata tsaba a gabanta. Ta dubi tsabar, ba ta sa baki ba. Na koma ɗakin na ƙara awa biyu.

Lahadi ina da labaran rana. Na zauna, na sa abin ji a kunne, takardu a gabana, na riga na fassara su. Jar fitila ta kama. Ina ganin layin farko, na san kowace kalma a cikinsa. Muryata lafiya lau take. Ban manta komai ba, ban ji tsoro ba. Kawai ban ga dalilin da zai sa in buɗe baki ba. Agogo yana gabana, shi ya sa na san daƙiƙa arba'in na yi. Na ga Musa a bayan gilashi yana ɗaga hannu, yana buga gilashin, kamar mutumin da ke ƙetaren kogi. Sai ya sa kiɗa, ya shigo da gudu.

"Zeinabu, lafiya? In kawo ruwa, ko in kira kabu-kabu?"

Na ji bakina ya ce, "Duk ɗaya."

A nan kalmar ta zo. Da ban koye ta ba, da na ce gajiyar jinya ce, in sha shayi in koma bakin aiki, kuma kowa zai yarda. Amma na yi mako biyu ina raba ta da gajiya, na san fuskarta. Ita ce a jikina. Ita ce jiya a kan tabarmar Gwaggo. Ita ce a kazar nan. Tsohuwa mai ciwo tana iya rasa son komai, amma ba za ta shafa wa kaza ba. Abu ɗaya ne ya haɗa mu huɗu: ɗakin nan.

Na kira likitan Kamba. Na faɗa masa a jere, kamar ina karanta labarai.

"Duba kayen naki," ya ce. "Wace rana take faɗuwa?"

"Lahadi. Duk Lahadi ta biyu."

"Me ke shiga ɗakin kafin Lahadin?"

Na juya shafuka. Ban rubuta zuwan Kawu don wani dalili ba, sai don ina rubuta baƙi. Juma'a. Juma'a. Juma'ar shekaranjiya.

"Buhunan wake."

Muryarsa ta sauya. "Akwai warin tafarnuwa a ɗakin?"

"Gwaggona ce take..."

"Ajiye maganar Gwaggo. Tafi yanzu. Kada ki tsaya gaisuwa. Buɗe ƙofa da taga, ki riƙe numfashi, ki fito da duk wanda ke ciki, ku wuce asibiti. Ki ce musu maganin wake suka shaƙa."

Kawu Idi yana zaure yana gyaran takalminsa lokacin da na diro daga kabu-kabu.

"Kawu, me kuke sa wa waken nan?"

"Bom mana," ya ce, yana mamakin tambayar. "Ƙwayar nan da ake ƙullewa a tsumma. Kowa na sa ta. Wannan karon ma na ƙara, har tsohhin buhunan na bi, don na ji ƙwari na motsi. Wahalar yayata ba ta tahiya ga ƙwari ina kallo."

Na fizge bargon ƙofa. Ƙarfe ɗaya da rabi na rana, amma ɗakin duhu. Inna na kan gado, ido buɗe, tana kallon rufi. Gwaggo na kan tabarma yadda na bar ta jiya, numfashinta na ƙara kamar ruwa na tafasa a tukunya mai murfi. Na bugi taga da gwiwar hannu har sakata ta karye. Ni da Kawu muka fito da Inna, muka koma muka ɗauko Gwaggo da tabarmarta. A tsakar gida Inna ta ce, "Sanyi."

Likita ya ce kada in koma, amma kafin mota ta iso na ja numfashi na koma. Na ɗaga labulen. Buhuna ne jere har kusa da rufi, a bakin kowanne an cusa ƙullin tsumma, wasu sun kwance, wata toka mai ruwan siminti ta zubo. A ƙasa ga ɓeraye, ga tsaka, ga kyankyasai, duk kwance inda suka tsaya, ko ƙuda babu a kansu. A gefe ga kwanukan auren Inna. A kan kwanukan akwai wani ƙaramin rediyo da ban san da shi ba, an ɗaure allurarsa da zare a kan tasharmu don kada ta goce. Na murɗa shi. Ashe ya mutu. Daga baya mai gyara ya nuna mini wayoyinsa na ciki, sun yi baƙi kamar awarwaron Gwaggo.

A gidan likita, da muka faɗi abin da suka shaƙa, ba a sa mu a layi ba. Majon nan ne na farko ya karɓe mu da gudu, shi da lokotoro, wato babban likita, kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Na gode musu.

Gwaggo Mariya ta rasu ranar Laraba da hantsi. An ce ruwa ya taru mata a huhu, kuma dama tana da hawan jini. Ba zan faɗi fiye da abin da suka faɗa ba. Abin da na sani shi ne ita ta kwana a ƙasa, kanta a gindin labule, Inna kuma tana sama, kusa da taga. Ta ce in wani abu ke zuwa ya fara taka ta. Allah ya jiƙan ta, ya sa jinyar da ta yi ta zame mata haske.

Kawu Idi ya zauna a ƙofar likita kwana uku bai ci abinci ba. Ba wanda ya zarge shi. Shi ne yake ta faɗa wa duk mai zuwa gaisuwa, "Ni da hannuna." Ban ga laifinsa fiye da nawa ba. A leda ake sayar masa da ƙwayar a kasuwa, ɗaya-ɗaya, babu gwangwani, babu rubutu, kuma a Yelu rumbu yana can bayan gida inda ba mai kwana.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Ƙwayar nan, da zarar ta sha iska, wani tururi take fitarwa wanda ido ba ya gani, kuma buhu ba ya tare shi, labule ba ya tare shi. Ba a sa ta a ɗakin da mutum ke kwana, ko ɗakin da ke manne da shi. Akwai buhu mai rufi uku da ke kashe ƙwari ba da magani ba, ku tambayi ma'aikatan gona. In majinyacinku yana warkewa a gidan likita yana faɗuwa a gida, ku duba gidan. In kun ga ɗaki a bakin kogi babu sauro, babu tsaka, kada ku yi murna. Kuma in akwai labulen da kunya ta hana ku ɗagawa, ku ɗaga, ku nemi gafara daga baya.

Kwana goma sha ɗaya Inna ta yi a gidan likita. Aka kwashe buhunan, aka bar ɗakin a buɗe, na mayar da ita ɗakina. Tarin ya ragu, numfashi ya dawo, amma abin nan bai tafi ba. Aka faɗa mata rasuwar Gwaggo, ta ce "Allah ya jiƙan ta," ta ci gaba da kallon bango. Na kira likitan Kamba na tambaye shi ko son abu yana dawowa. Ya ce sau da yawa yana dawowa, amma ba zai sa mini rana ba. Kowace safiya ina tambayar ta me za a dafa, kowace safiya ina rubuta amsarta a kaye. Shafi biyu na cika da kalma biyu.

Kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin Gwaggo, da la'asar, muna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa. Sai na ji tas! Na ɗaga kai. Inna ce ta mari damtsenta, tana duba tafin hannunta, ga ɗan jini.

"Ɗan banza," ta ce wa sauron. "Duk garin ga ba ka ga kowa ba sai ni?"

Ta goge hannun a zane. Ta dubi inda tabarmar Gwaggo ke jingine a bango, ta daɗe tana kallo, sai hawaye suka zubo mata, na farko tun da aka fara. Na bar ta ta yi. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta yi tari, ta dubi wani wuri can gefen kaina.

"Ke, 'yar rediyo."

"Na'am, Inna."

"Akwai wani ɗan akwati nawa da ya lalace. A sawo mini wani. Mai ƙara sosai, ba irin na wancan karon ba."

"To, Inna. Wace tasha za a kama miki?"

"Ina ruwanki? Kuɗin wake nika son ji." Ta ja kwanon shinkafar daga gabana. "Kawo nan. Wa ya koya miki tsinta haka, duk tsakuwa?"